Harbin Dawaki a Ostireliya: Wannan Ma Kare Daji Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai kiwon doki ne a Katsina, gado na yi wajen mahaifina. Na ga wani bidiyo a Facebook ana harbe dawakin daji daga jirgi mai saukar ungulu a Ostireliya, wai kuma masana kare namun daji ne suka ba da shawara. Abin ya tsaya mini a rai. Ashe ba kare dabba ne aikinku ba? Me ya hana a ƙyale su, ai daji shi yake daidaita kansa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Duk wanda ya taɓa kwana a barga yana jiran goɗiya ta haihu ba zai kalli wannan bidiyo zuciyarsa ta zauna lafiya ba, kuma ban ga laifinka ba. Ana harbin, gaskiya ne. A gandun dajin Kosciuszko da ke jihar New South Wales, gwamnati ta amince da harbi daga sama a watan Oktoba na 2023, da nufin rage dawakin zuwa 3,000 kafin ƙarshen Yunin 2027. Ƙidayar 2023 ta nuna sun haura 17,000.

Maganarka ta ƙarshe ita ce ta fi damuna, don kusan kullum sai na ji ta, har daga bakin masu digiri: a ƙyale su, daji zai daidaita kansa. Da me zai daidaita? Waɗannan dawakin gida ne da suka kuɓuce, jikokin waɗanda Turawan Ingila suka fara kai wa ƙasar a 1788. Kafin nan babu dabba mai kofato ko ɗaya a Ostireliya. Ƙasar da ciyawarta sun saba da tafin kangaru mai laushi. Babu zaki, babu kura, karen dajinsu kuwa bai isa ya rage garke ba. Goɗiya za ta iya ajiye dukushi kusan kowace shekara, shi ya sa ƙidayar tsaunukan yankin tsakanin 2014 da 2019 ta nuna sun tashi daga kusan 9,000 zuwa kusan 25,000. Abin da kaɗai ya rage ya tsayar da su shi ne yunwa da ƙishirwa. A Janairun 2019, lokacin tsananin zafi, an tarar da gawarwakin dawaki kusan 40 a bakin wani busasshen tafki kusa da Santa Teresa a tsakiyar ƙasar, wasu ma da sauran numfashi sai da aka ƙarasa su. To daidaitawar ke nan. Mai cewa a ƙyale su, irin wannan mutuwar ya zaɓa musu, ko ya sani ko bai sani ba.

Kuma kafin yunwa ta kai ga doki, ta riga ta gama da waɗanda ba a ɗaukar bidiyonsu. A saman waɗannan tsaunuka akwai fadamun gansakuka masu riƙe ruwan dusar ƙanƙara suna sakinsa a hankali, daga nan kogunan Murray da Murrumbidgee da Snowy suke tasowa. Ka san yadda mashaya take komawa idan shanu suka yi mata yawa da rani: baki ya rufta, ruwa ya zama taɓo. Haka kofato yake yi wa fadamar, ya tsaga ta, ruwan ya tsiyaye, ta bushe. Akwai wani ɓera mai faɗin haƙori da ke yin hanyoyinsa a ƙarƙashin doguwar ciyawa, a nan yake fakewa duk hunturu ƙanƙara na kansa. Idan doki ya kiwace ciyawar har ƙasa, ba shi da wurin shiga. Akwai ɗan kwaɗo baƙi mai ratsin rawaya, bai wuce santimita 3 ba, wanda cutar fata ta riga ta kusa ƙarar da shi, a cikin gansakukar nan yake ajiye ƙwansa. Akwai ɗan kifi a rafin Tantangara da laka ke binne wa ƙwai. Doki na gida yana ko'ina a duniya. Kwaɗon da kifin kuwa idan suka ƙare a can, shi ke nan.

Za ka ce a kama su a raba wa masu so. Ana yi, da tarkon shinge da gishiri, amma abin da ake kamawa bai kai abin da ake haifa ba, masu karɓa ba su da yawa, da dama kuma a mahauta suke ƙarewa bayan wahalar mota. Allurar hana haihuwa tana aiki a ƙaramin garke da aka san kowace goɗiya, don sai an maimaita ta. Wa zai bi dubbai cikin tsauni yana yi musu? Amurka ta zaɓi tarawa bayan dokar kare dawakin daji ta 1971, yau tana ciyar da dubun dubata a killace da kuɗin gwamnati, na daji kuma suna ta ƙaruwa.

Inda raina yake ɓaci shi ne jan ƙafar hukuma. A shekarar 2000 an harbe sama da 600 a gandun Guy Fawkes River, aka yi ta hayaniya, jihar New South Wales ta hana harbi daga sama na fiye da shekara 20. A 2018 ma majalisa ta yi dokar kare dawakin a matsayin kayan tarihi, masana suna ta gargaɗi. Da an rage ɗaruruwa tun da wuri, da ba a kai ga harbe dubbai ba. Sannan ga masu yaɗa cewa ƙidayar ƙarya ce, alhali ba su taɓa duba yadda ake yinta ba: jirgi yana bin layukan da aka shata, ana auna nisan kowane garke da aka gani, a fitar da adadi tare da iyakar sama da ta ƙasa. Ko ka ɗauki ta ƙasan a 2023, ta haura 12,000.

Idan za ka matsa wa wani, ɗan'uwa, ka matsa kan yadda ake harbin: ƙwararren maharbi, likitan dabbobi mai zaman kansa yana sa ido, kuma jirgi ya koma kan kowane doki a tabbatar ya mutu nan take, kada a bar mai rauni yana jan jiki a daji.