Furen burum daga Turai: a saya ko a haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga hoton wani fure rawaya a Instagram, ana ce masa burum, ya lulluɓe gindin katanga gaba ɗaya. Wata mai kawo kaya daga waje ta ce za ta kawo min irinsa in na biya. A tsakar gida nake son shukawa, kuma ina da yara ƙanana. (Wata uwargida, Tarauni)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki riƙe kuɗinki.

Burum dangin wake ne, yana yin kwanso, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar ta gyaɗa. Kyau kam yana da shi. Sai dai ba na ƙasarmu ba ne. Wanda aka fi ɗauka a hoto, Cytisus scoparius, asalinsa yammaci da tsakiyar Turai, ya saba da sanyi. Ɗan'uwansa mai ƙamshi, Spartium junceum, na gaɓar Bahar Rum ne, wajen Sifen da Italiya da Girka. Wannan yana jure fari, amma can a lokacin sanyi ruwan sama yake sauka, lokacin zafi kuwa ƙasa a bushe take. Mu nan akasin haka ne. In ya tsallake zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ruwan Agusta na jiran sa, ga zafi ga laima, shi kuwa saiwarsa ba ta son kwanciyar ruwa.

Abin da ya fi damuna ma yaran ne. Ganyensa da 'ya'yansa suna ɗauke da guba mai sa amai, tana kuma iya taɓa bugun zuciya. 'Ya'yan ƙanana ne, kamar wake suke, kin kuwa san yaro da kai abu baki.

Inda ya samu wurin da ya karɓe shi kuma, fitina ya zama. A jihohin Kalifoniya da Oregon na Amurka, da Ostareliya, kuɗi ake kashewa ana tumɓuke shi. Kwansonsa kan fashe ya watsa iri, irin kuma ya yi shekaru gommai a ƙasa bai mutu ba. Ki kuma tambayi mai kawo kayan ko tana da izinin NAQS, hukumar da ke tantance tsirrai da dabbobin da ake shigowa da su ƙasar nan, don ba a shigo da iri Najeriya sai da takardarta.

In rawaya kike so, nemi marga. Ita ma dangin wake ce, 'yar gida, furenta kan zubo reto-reto a ƙarshen rani, sanda komai ya bushe. Bishiya ce, saboda haka ki ba ta fili nesa da katanga.

Tambaya: A wajen masu sayar da shuke-shuke na bakin titi, wanne dashe ya kamata mutum ya ɗauka? Ni dai babba nake zaɓa, amma sai ya mutu. (Wani malamin makaranta, Gwale)

Amsa: Malam, girman ne ke cutar ka. Dashen da ya daɗe a leda saiwarsa ta nannaɗe, ko ta huda ledar ta shiga ƙasa, mai sayarwa ya fizge ta ya miƙo maka. Dangin wake irin marga da bagaruwa doguwar saiwa suke yi, ba sa yafe wannan. Ɗaga ledar ka duba gindinta kafin ka yi ciniki. Ɗauki wanda bai wuce gwiwa ba, ka dasa da yamma bayan damina ta zauna, wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Ka kewaye shi da ƙaya ko waya saboda awakin unguwa.

Tambaya: An ce Turawan da suna ɗaure rassan burum su yi shara. In na shuka zan iya sana'ar tsintsiya da shi? (Wani matashi, Kurna)

Amsa: Gaskiya ne sun yi, ɗan'uwa. Amma leƙa Kasuwar Rimi ka ji kuɗin tsintsiyar kwakwa da ta laushi, sannan ka yi lissafin ruwan da za ka saya kana ba shukar da ba ta son garin. Sari ka sayar ya fi maka.