Motar Ɗalibi: Amsar Baffa a Kan Al'ada da Girman Inji

Ɗana, na karanta saƙonka. Ka ce ɗanka, abokina, ya samu gurbi a jami'ar Aliero, kana son saya masa mota saboda zirga-zirga tsakanin can da Birnin Kebbi, shi kuma ya kafe sai Camry mai filogi shida. Tambayarka biyu ce: ko ya dace a al'ada a ba yaro mota alhali yayansa na ɗakin uwargida bai da ita, da kuma wane inji ya kamace shi.

Al'ada ba ta hana uba ɗora ɗansa a kan abin hawa ba. Da can doki ne, aka dawo keke, aka dawo babur. Inda manya ke tsayawa shi ne adalci tsakanin 'ya'ya, musamman a gidan da ɗaki ya wuce ɗaya. Ka san hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai, Annabi (SAW) ya ƙi zama shaida, ya ce a yi adalci tsakanin 'ya'ya. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce kada motar ta zama kyauta. Ta zama aro. Takardu su fito da sunanka, ka tara iyayen ɗakin biyu da yayan nasa ka faɗa da bakinka cewa motar gida ce, an ba shi riƙo saboda karatu, idan ya gama ta koma ga wanda ke biye. Wannan kalma guda, aro ko kyauta, ita ke raba rigima ranar rabon gado, don haka a faɗe ta gaban shaidu. Yayan kuma a fara shawartarsa kafin a biya kuɗi, kada ya gan ta a ƙofar gida kamar baƙo. In da hali ma shi ya miƙa wa ƙanen makulli.

Sauran al'adar mai sauƙi ce. A kai motar gaban kakanni su sa albarka, a fitar da sadaka gwargwadon hali, wanda ya kawo makulli a ba shi tukwici. Kuma yaron ya sani tun yanzu cewa a garinmu motar saurayi ba tasa ba ce shi kaɗai: kai mara lafiya asibiti, ɗauko gwaggo daga tasha, kai mata gidan suna, duk suna cikin ladanta.

Yanzu batun inji. Lambar da kake ji, 1.8 ko 2.4 ko 3.5, faɗin cikin silindodin injin ne a lita, wato yawan iska da man da yake zuƙa. Corolla ta 2003 zuwa 2008 injinta 1.8 ne, filogi huɗu, ƙarfinta wajen doki 130, tankinta lita 50. Camry ɗin da yake so, wadda 'yan kasuwa ke kira Muscle, ta 2007 zuwa 2011, mai filogi shidan 3.5 ce, ƙarfinta doki 268, tankinta lita 70. Ninki biyu ke nan a ƙarƙashin ƙafar yaron da bai shekara da lasisi ba. Irin wannan injin ba ya kuka idan ya kai gudu. Direba sabon hannu da kunne yake gane ya yi sauri, ita kuwa tana kilomita 140 tana lumshe ido kamar tana 80, sai rami ko saniya ta faɗo titi sannan ya gane tazarar da birki ke buƙata.

Sai aljihu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, girman inji ya zama lissafin wata-wata. Corolla mai lafiya tana cin kilomita 12 zuwa 13 a lita guda idan an haɗa gari da babbar hanya. Mai filogi shida a cikin gari da wuya ta wuce 8 ko 9. Yaron da kuɗin makarantarsa ba ya cika tanki hanya biyu yake bi: ko ya riƙa yawo da jar wutar ƙarewar mai, wanda ke kashe famfon mai domin man da ke cikin tanki ne ke sanyaya shi, ko ya fara ɗaukar fasinja da abokai masu haɗa kuɗin mai. Na biyun ya fi muni, domin wanda ya zuba mai gobe shi zai nemi aron makulli.

Kada kuma tsoro ya kai ka ga ƙaramin inji sosai, irin 1.0 ko 1.3. A cikin gari ba laifi. Amma ka ɗora mutum biyar da buhun shinkafa, ka kunna na'urar sanyi a zafin Afrilu da ke haura digiri 40, sannan ka zo wuce tirela a hanyar Jega: motar za ta daɗe a hannun da ba nata ba, nan ne haɗarin yake. Tsakanin 1.6 da 1.8 shi ne daidai, yana da ƙarfin wucewa, ba shi da na hauka.

Idan ka bi tawa, Corolla 1.8 ce, ko 'yan uwanta Matrix da Pontiac Vibe masu inji iri ɗaya da ita. Sarƙa ke daidaita bugun injinsu, ba bel ba, don haka babu fargabar tsinkewa a hanya. Kayan gyaransu kuma akwai su a Birnin Kebbi da Jega, kowane bakanike ya san cikinsu. Civic ta 2006 zuwa 2011 ita ma 1.8 ce kuma ba ta shan mai, sai dai cikinta a ƙasa yake, hanyar unguwa da damina za ta gurje ta, kuma na farkon shekarun an san wasunsu da tsagewar jikin inji. Camry mai filogi huɗu, 2.4, ta 2007 zuwa 2009 ta yi suna wajen shan baƙin mai. Peugeot 406 daɗin hanya gare ta, amma bel take amfani da shi, kuma tana son mai kula, ɗalibi kuwa ba ya cikin masu kula. Duk mai turbo, na'urar ƙara wa inji ƙarfi, ka bar wa wanda ke da albashi.

Ranar dubawa ka je da bakanikenka, ba na dillali ba, kuma da sassafe kafin a tada ta. Ka taɓa injin da hannu, idan da ɗumi an riga ka, ka dawo gobe. A murɗa makulli ba tare da tadawa ba: fitilar inji da ta jakar iska dole su kama, sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba ko kaɗan, mai yiwuwa cire ta aka yi don a ɓoye cuta. Tsaya a bayan salansa. Shuɗin hayaƙi baƙin mai take ƙonawa, farin da ya ƙi ɗaukewa bayan ta yi zafi ruwa ne ke shiga inji. Buɗe murfin baƙin mai, idan ka ga abu kamar kindirmo a jikinsa, mai yiwuwa gasket ɗin kan inji ta tafi. A buɗe lagireto tana sanyi, a tada, a duba ko ruwan na tsartuwar kumfa. Man giya ya zama ja-ja, idan ya yi baƙi yana ƙaurin ƙuna, a haƙura. A leƙa ƙasa a ga ko an yanke tukunyar salansa da kanikawa ke kira indomi, ana sace ta saboda tsadarta, rashinta kuma yana kunna fitilar inji. Ɗaga kafet ka shinshina, motar da ambaliya ta ci ba ta rabuwa da wari da tsatsa a ƙarƙashin kujeru. Sannan a sa mata kwamfuta, a kuma hau babbar hanya da ita har ta canza duk giyoyinta.

Abu guda da ake yawan yi a garejinmu ina so ka hana: cire tamostat, na'urar da ke daidaita zafin inji, da haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. Injin da bai kai zafinsa na aiki ba mai yake sha fiye da ƙima, kuma yana saurin cinyewa. Idan mota na zafi, a wanke lagireto, a duba murfinsa da famfon ruwa. Kuma ruwan sanyaya inji na gwangwani za a zuba, ruwan rijiya yana barin gishiri ya toshe hanyoyi.

Takardu kuwa, mu da ke kusa da iyaka mun fi kowa sanin 'yar Kwatano. A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, saboda haka ka tabbatar da takardar kwastam a ofishinsu kafin ka biya. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 ta yi daidai a gindin gilashin gaba, a jikin ƙofar direba, da kan takarda. A rubuta takardar ciniki da shaidu biyu, a yanke la'adar dillali tun kafin a fara taya, ba bayan an sallama ba. Inshorar dole ta ƙaramar mota an mayar da ita naira 15,000 a 2023. Shi kuma yaron sai ya cika 18, ya bi ta makarantar tuƙi, ya karɓi lasisi na gaskiya daga hukumar kiyaye haɗurra.

Kada ka zuba duk kuɗin a saye. Ka ware na gyaran farko: baƙin mai 5W-30 wajen lita huɗu da matatarsa, matatar iska, filogi, takalmin birki, da tayoyi. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar taya ko zanenta na nan kwaltar bazara fasa ta take yi. Juyen baƙin mai duk kilomita 5,000, matatar iska kuma a kakkaɓe ta kowane wata da hunturu.

Sharuɗɗan riƙo uku za ka gindaya masa a gaban yayansa: ba bayar da ita aro, ba tafiyar dare, kuma in magariba ta riske shi a Aliero ya kwana can. Ka ce masa in ji kakansa, ranar da ya fara cika tanki da guminsa ya zo mu yi maganar filogi shida. Ka gaida mutanen gida.