Amsa: Kwantena guda ko haɗaka daga Guangzhou?

Alhaji, ka ce takalmanka na kasuwar Kejetia a Kumasi sun kai CBM 6 (CBM ɗaya shi ne fili mai mita ɗaya a tsawo, faɗi da tsayi) a birnin Guangzhou na Chaina, ka ɗauki kwantena kai kaɗai ko ka shiga haɗaka, wato a haɗa kayanka da na wasu a kwantena ɗaya? Shiga haɗaka. Kwantena mai ƙafa 20 tana cin wajen CBM 28 idan an shirya kwali da kyau, to in ka ɗauke ta kai kaɗai da CBM 6, yawanci kuɗin filin da babu kaya za ka biya. Sai kayanka sun kusa CBM 15 ne lissafin kwantena guda ke fara yin ma'ana.

Amma da sharaɗi: kafin ka biya, sa ejan ya rubuta maka ko farashinsa na kowane CBM ya haɗa da harajin kwastam a tashar jiragen ruwa ta Tema da kuɗin mota zuwa Kumasi. Nan ne ake yawan samun rigima. Kwastam na lissafa haraji a kan kuɗin kaya haɗe da inshora da kuɗin jirgi, kuma a haɗaka takardar mutum ɗaya da ba ta dace da kayansa ba tana iya tsayar da kwantenar kowa. Don Allah rubuta sunanka da lambar waya a kowane kwali, ka ɗauki hoto. Kada kuma odarka ta faɗa cikin hutun sabuwar shekarar Chaina, tsakanin Janairu da Fabrairu, masana'antu kan rufe.