Tambayoyinku: Kwanon Awo, Sufana Mai Zamewa da Batirin Inbata

Assalamu alaikum. Ina sarin shinkafa buhu mai kilo 50 ina sayarwa a gida da kwano. Wani buhun in sami kwano 20, wani kuma da ƙyar ya haura 18. Cutata ake yi ko laifin kwanona ne? Daga wata mai karatu, Zariya.

Wa alaikumus salam Hajiya. Kwano cika yake aunawa, sikeli kuma nauyi. Mudu, tiya da kwano ba su da girma guda da kowa ya yarda da shi; na wannan kasuwa daban, na waccan daban, har a layi ɗaya ma akan sami bambanci. Idan kwanonki yana ɗaukar kilo 2.5, buhu zai ba ki 20 cif. Idan kina yi masa tozo har ya kai kilo 2.7, kwano 18 da rabi za ki samu. Giram 200 ɗin nan da ido ba ya gani, idan ya taru a buhu guda ya kusa kilo 4.

Irin shinkafar ma yana da nasa tasiri. Lita ɗaya ta shinkafa tana kai kusan giram 800, amma mai yawan karaya ta fi zama daram a kwano, doguwa kuma tana barin sarari tsakanin ƙwayoyi.

Ki nemi ƙaramin sikelin rataye. Kafin ki yarda da shi, ki auna ruwa lita ɗaya. Dole ya nuna kilo ɗaya da ɗan nauyin robar. Daga nan ki auna kwanonki babu komai, ki cika shi yadda kika saba ki sake aunawa, ki cire na farko daga na biyu. Sannan ki riƙa auna buhun tun a shago, ki kuma duba ɗinkin bakinsa, domin buhun da aka farke aka rage aka sake ɗinkewa yakan nuna tsofaffin hujin allura. A ganinmu duk mai sari da kilo tana sayarwa da kwano, bai kamata ta zauna ba sikeli ba.

Me ya sa sufana mai lamba 13 take zamewa a kan wasu notuna har ta cinye musu kai, alhali 12 ba ta shiga? Daga wani mai koyon kanikanci, Gombe.

Malam, da alama notin na inci ne. Lambar da ke jikin sufana faɗin kan noti ce daga gefe zuwa gefe, a milimita. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, don haka noti mai rabin inci 12.7 yake. Sufana 12 ta yi masa kaɗan, 13 kuma ta bar rata, sai ƙarfin ya sauka a kan kusurwoyi kawai, su lallatse. Haka noti mai 9/16 na inci yake, 14.3 ne: 14 ba ta shiga, 15 tana rawa. Waɗanda ake iya musanyawa ba matsala su ne 5/16 da 8, 7/16 da 11, sai 3/4 da 19. Irin waɗannan notuna ana yawan cin karo da su a tsofaffin injuna da kayan da aka ƙera a Amurka. Motoci da baburan Japan kuwa 10, 12, 14, 17 da 19 suka fi amfani da su, na Turai kuma 13 ta fi yawa a wurin da Japan ke sa 12.

Noti mai tauri, da sufana mai zobe ake fara kwance shi, musamman mai kusurwa shida, domin tana kama shi ta ko'ina. Mai buɗaɗɗen baki gefe biyu kawai take riƙewa. Filaya kuwa ba ta da aiki a kan noti sam. Idan tsatsa ce ta kama shi, zuba kananzir ko man kwance tsatsa, ka ba shi lokaci ya ratsa, ka ɗan bubbuga kan da guduma. Kuma kafin ka sa ƙarfi, tabbatar da ɓangaren da yake kwancewa: murfin da ke riƙe fukafukan fankar tsaye da fedar hagu ta keke zarensu na hagu ne, dama ake juya su su kwance.

Na sayi inbata mai kVA 1.5 da batir ɗaya mai ruwa, 200Ah. Fanka biyu, talabijin da ƙwan fitila biyar kawai nake kunnawa. Da farko yana kai awa 6, yanzu bayan wata takwas ko awa 3 ba ya yi. Jabu aka sayar mini? Daga wani magidanci, Sakkwato.

Zai yiwu batirin ba shi da inganci, amma lissafi ya nuna ko na ƙwarai ne haka zai ƙare. Lambar kVA ba ta faɗin tsawon lokaci. Tana faɗin nauyin da inbata za ta iya ɗauka a lokaci guda, kuma kVA 1.5 yawanci wat 1,200 ne. Tsawon lokaci yana wurin batir.

Ninka bolt 12 na batirin da 200 ɗin nan na Ah (ma'aunin yawan wutar da yake ajiyewa), ka sami 2,400: wutar da za ta riƙe wat 2,400 na awa ɗaya ke nan, a takarda. Batirin dalma mai ruwa ba a son a riƙa shanye fiye da rabinsa, saura 1,200. Inbata tana cinye kusan kashi 15 cikin 100 wajen juya wutar, saura kamar 1,020. Kayanka kuma: fanka biyu kusan wat 75 kowace, talabijin 80, ƙwai biyar masu wat 10, jimla 280. Raba 1,020 da 280, awa uku da rabi da ɗan ɗoriya. Wannan ne haƙƙinka na kowane dare. Awa 6 da kake samu da farko, tatse batirin kake yi har inbata ta yi ƙara ta ɗauke, kuma kowace irin wannan tatsa tana rage masa kwana. Idan ya kwana a tatse bai sami caji ba, wani farin gishiri yana daskarewa a jikin farantan dalmar, wurin ajiyar wuta ya ragu, kuma galibi ba ya dawowa.

Cajin ma abin dubawa ne. Batir mai 200Ah yana son caji mai ƙarfin kusan amfiya 20, kuma mayar da rabin da aka sha yana cin awa 6 zuwa 8. Unguwar da wuta ke zuwa awa uku ta ɗauke, batirinta ba ya taɓa cika. Ga zafi: an tsara waɗannan batura a kan digiri 25, kuma duk ƙarin kusan digiri 10 yana raba tsawon rayuwarsu biyu. A Sakkwato cikin Afrilu, ɗakin da ba iska shi kaɗai ya isa ya kashe batir.

Ka sayi mitar gwada wuta. Bayan batir ya huta awa biyu ba caji ba kaya, bolt 12.7 cikakke ne, 12.2 rabi ne, a nan ya kamata a tsaya. Duba ruwan kowane wata, ka ƙara tataccen ruwan batir kawai, ban da asid, ban da ruwan rijiya ko na burtsatse. Goge kawunan, ka ɗaure su tam, wayar da ke tsakanin batir da inbata ta zama gajera mai kauri, murabba'in milimita 25 zuwa 35, domin idan kaya ya kai wat 1,000 kusan amfiya 100 ke bi ta cikinta. Kada a jona dutsen guga ko hita. Idan za ka ƙara batir, kada ka haɗa sabo da wannan, tsohon zai ja sabon ƙasa. Gyara mafi araha shi ne canza fankokin da masu cin wat 30 zuwa 35, kaya ya sauka kusan 200, ka sami awa 5 ba tare da ka tsallake rabi ba.

Ɗan'uwana a Katsina ya ce an yi masa tayin fili "hamsin da ɗari". Mu nan da mita muke awo. Nawa ke nan? Daga Maraɗi.

Ƙafa ake nufi. Ƙafa ɗaya santimita 30.48 ce, don haka filin mita 15.24 ne a faɗi, 30.48 a tsawo, murabba'in mita kusan 465. "Ɗari da ɗari" ninkinsa ne, 929. Idan gona ce, eka ɗaya murabba'in mita 4,047 ce, hekta kuma 10,000, wato kusan eka biyu da rabi, kuma mutane suna yawan kiran ɗaya da sunan ɗaya. Ya sa a ja tef a gabansa ta dukkan ɓangarori huɗu, ba taku ba, a rubuta a takardar ciniki ko ƙafa ce ko mita kafin ya biya kuɗi.