Maƙwabci yana shan Wi-Fi ɗinmu, ɗansa kuma ya ga hotunanmu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kwamfuta uku gare mu a gida. Mun buɗe folda ɗaya a ta maigida inda muke zuba hotuna da takardun makarantar yara, kowa ya ɗauka daga tasa. To mun ba maƙwabcinmu kalmar sirrin Wi-Fi, muna haɗa kuɗin data tare. Shekaranjiya ɗansa ya ce mini ya ga hotunan yarana a laftof ɗinsa. Wallahi gabana ya faɗi. Yaya zan yi ba tare da mun ɓata da su ba? Daga Maman Ummi.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Yaron bai yi muku kutse ba, ƙofa ya tarar a buɗe. Rauta, wato na'urar da ke ba ku Wi-Fi ɗin, ba ta san maƙwabci ba. Duk wanda ya shiga da kalmar sirrinku ɗan gida ne a wurinta, abin da kwamfutarki ke gani shi ma zai gani.

Maganin da na fi so shi ne layin baƙi. Ki juya rautar, a ƙasanta akwai takardar da ke ɗauke da adireshin shiga, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Ki rubuta shi a burauza, ki nemi wurin da aka rubuta "Guest Network", wato layin baƙin, ki kunna, ki sa masa tasa kalmar sirrin, ki tabbatar an hana baƙi shiga na'urorin gida. Maƙwabci zai ci gaba da samun intanet ɗinsa lafiya lau, amma foldarku ta ɓace masa. Sannan ki canza kalmar sirrin babban layin. Nan ne mutane ke yin sakaci: su buɗe layin baƙi, su bar tsohuwar kalmar, wayar maƙwabci kuma ta koma inda ta saba da kanta. Idan ya tambaya, ki ce kun ware masa layinsa ne, gaskiya kika faɗa.

Ita kuma foldar, ina kyautata zaton "Everyone" aka zaɓa lokacin rabawa, wato kowa da kowa. A cire shi, a sa sunayen mutanen gida, a kunna "Password protected sharing" a Windows, wato ba mai buɗe foldar sai da kalmar sirri. Yara a ba su izinin karantawa kawai. Ni kaina ɗana ya taɓa goge mini aikin wata guda da dannawa ɗaya.

Tunda kin riga kin shiga rautar, ki canza kalmar sirrin shiga rautar kanta, wato "admin" ɗin da ta zo da shi daga kamfani, ki kashe WPS (hanyar haɗa na'ura da Wi-Fi ba tare da rubuta kalmar sirri ba), tsaro kuma ya zama WPA2 ko WPA3. In akwai tsohuwar kwamfuta a cikin ukun, a duba ko SMB1 na kunne, a kashe shi. Ta wannan tsohuwar hanyar raba fayil ce cutar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017, ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150.

Kafin ki ce an gama, ki hau layin baƙin da laftof ɗinki ki nemi foldar. In ba ta fito ba, sai ki aika wa maƙwabci sabuwar kalmarsa.