Amsa: Shin tafiyar babban koci ce ke rusa ƙungiya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tafiyar babban koci ce ke durƙusar da ƙungiya. A ganina, abin dubawa shi ne me ya bari a baya. Ferguson ya bar Manchester United a 2013 da kofin Firimiya na 13 a hannu, amma ginshiƙan tawagar, irin su Ferdinand da Vidic da Giggs, ƙarfinsu ya fara ƙarewa. Ga shi David Gill, mai kula da cinikin 'yan wasa, ya tafi lokaci guda. Moyes, wanda ya gaji Ferguson, ko shekara bai cika ba, kuma wallahi ban ga laifinsa shi kaɗai ba. Klopp kuwa ya sabunta 'yan wasan tsakiya na Liverpool kafin ya tafi a 2024, Slot ya zo ya ɗauki Firimiya a kakarsa ta farko.