Amsa: yadda zanen jirgin bayi na Turner ya koma Amurka

Malam, ka tambaya ko sace shi aka yi tunda mai zanen Bature ne ɗan Ingila amma zanen yana Boston. A'a wallahi ba sata ba ce, ciniki ne hannu da hannu.

Mai zanen, J. M. W. Turner, ya fara nuna shi a Royal Academy, wato cibiyar masu zane ta Landan, a 1840, zanen fentin mai ne, jirgi cikin guguwa ga bayi an watsa su teku da sarƙa a ƙafa, abin da ke tuna wa mutane ta'asar jirgin Zong ta 1781, jirgin bayi da ma'aikatansa suka jefa bayi teku da ransu. Mahaifin John Ruskin, wani marubuci ɗan Ingila mai sharhi kan zane-zane, ne ya saya ya ba ɗan nasa kyautar sabuwar shekara a 1844, shi kuma Ruskin ya riƙe shi kusan shekara 28 yana yabonsa, to amma zama da irin wannan hoto a gida kullum ba ƙaramin abu ba ne, ni kam ban ga laifinsa ba da ya rabu da shi.

A 1872 Ruskin ya sayar wa John Taylor Johnston na New York, wanda ya fara shugabantar gidan tarihi na Metropolitan. Da harkokin kuɗinsa suka taɓu sai aka yi gwanjon kayansa a 1876, Alice Hooper ta Boston ta saye shi dala 10,000. Daga danginta ne gidan adana kayan fasaha na Museum of Fine Arts da ke Boston ya saya a 1899, yana can har yau.